Golmo a Gonar Maƙwabci

Litinin, 6 ga Afrilu, 2020

Tunda an ce kowa ya zauna gidansa, bari in ba hannuna aiki.

Ni Kefas Gajere, a aji uku na sakandare na tsaya. Da karen mota na fara a tashar Zuru, na sha kwana ƙarƙashin mota a Kwantagora sauro na cina. Tuƙi da ido na koye shi, ba wanda ya zaunar da ni. Yau bas huɗu ke yawo da sunana a gilashin baya, ga injin buga bulo, ga ɗakin taro da ake biki a ciki, ga benen nan da nake zaune a kansa. Ba kawu, ba ɗan siyasa. Abin da ubana ya bari gona ce guda a gindin dutse, ita ma tun da ya rasu ban ci ƙwayarta ba.

To yau wata cuta da ido ba ya gani ta jera min motocin nan a tsakar gida kamar shanun da aka ɗaure. An rufe iyakar jiha. Biki babu, gini babu. Ni me zan yi da kaina?

Laraba, 8 ga Afrilu

Na zagaya gidan nan har kare ya gaji da bina. Margaret ta ce, "Baban Joyce, don Allah ka sami wurin zuwa, ka hana mu shan iska." A gidan da na gina!

Joyce ta auna min jini da abin nan nasu na makarantar nas. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, tafiya za ka riƙa yi kullum da safe. Da ƙafa." Wannan ce magana mafi tsawo da ɗiyata ta yi min tun Kirsimeti.

Bari in rubuta abin Kirsimeti, tunda ba mai karantawa. Wani yaro wai shi Ishaya, malamin firamare, ɗan soja da ya tashi a barikoki, ya zo da kawunnansa neman Joyce. Na dubi hannun yaron, laushi kamar burodi. Na ce masu ubana shekara bakwai ya yi golmo, shi da sa'o'insa suna noma gonar surukinsa, kafin a ba shi uwata. Wannan ko kunya ɗaya ba zai iya ja ba, da me zai riƙe min ɗiya, da alli? Suka sha ruwa suka tafi. Ni har yau ban ga laifin maganata ba. Margaret ta ce ai ni ma ban yi wa ubanta golmo ba. Wannan daban. Ni mota nake da ita.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Na fita. Malafa a ka, takunkumi a baki, tsohon wando. Ba wanda ya gane ni. Wata mai itace ta ce, "Sannu baba, ɗan matsa." Na matsa. Abin bai ba ni haushi yadda na zata ba.

Asabar, 11 ga Afrilu

Ashe bayan makarantar unguwarmu akwai 'yar hanya da ke ɓullewa rafi. Shekara da shekaru ina wuce bakinta da gudu.

Ɗorawa ta nuna, mata na kaɗo ta da dogayen sanduna. Na tsaya kallon tururuwa suna kwashe ƙwansu zuwa tudu, alhali ko hadari babu. Wa ya gaya masu? Kuma me ya sa rafin ya bushe ko'ina amma gindin wani dutse guda yana nan da laima? Na tona da sanda, ruwa ya taso. Ba wanda zan tambaya.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Ista a falo, rediyo ne fasto. Shinkafa ta yi yawa, baƙi babu.

Talata, 14 ga Afrilu

Yau na haye rafi har gindin dutse, wurin ɗorawa biyu. Gonar ubana tana hagu. In ba wanda ya sani ba, ba zai ce gona ba ce. Sabara, geza, ƙaya, har itatuwa sun yi kauri.

A dama gonar Ɗan'azumi ce, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara. Abin da ya tsayar da ni: samari shida a ciki suna shara da sassabe. 'Ya'yansa duk suna Ikko suna acaba, kulle ya riƙe su can. Shi kuma mutumin da ko goro sai ya raba huɗu ba zai ɗauki 'yan ƙwadago ba. Kuma waɗannan ba 'yan ƙwadago ba ne. Wani da rigar ƙwallo, wani da takalmin kambas fari, suna riƙe da adda kamar za ta cije su. Na hau wani falalen dutse na zauna ina kallo har rana ta yi zafi.

Su wane ne?

Alhamis, 16 ga Afrilu

Suna nan. Biyar na aiki suna hutawa suna duba waya. Ɗaya ba ya hutawa. Ya naɗe tafin hannu da tsumma, kansa a ƙasa. Daga inda nake ba a ganin fuska.

Na ci abinci sosai da na dawo. Margaret ta ƙaro min miya.

Asabar, 18 ga Afrilu

Na tare ɗayansu a rafi, ya zo ɗibar ruwa a wurin nan da na tona. Sunansa Usama, mai ɗaukar hoton biki ne. Ya sha cin abinci a ɗakin tarona, amma bai gane ni ba.

Na ce, "Sannunku samari. Ƙwadago ne?"

"A'a baba, golmo ne."

"Golmo? A wannan zamani? Har da kai Musulmi?"

Ya ce abokinsu suke tayawa. An rufe makarantar da abokin ke koyarwa, shi kuma biki ya mutu, gara wannan da kwanciya. Wai uban yarinya ya yi wa abokin gori a gaban manya, shi ne ya rantse sai ya gyara gonar ya yi huɗa kafin kowa ya ji.

Na ce gonar wa?

"Gonar Kefas Gajere mai motoci."

Saura kaɗan in haɗiye takunkumi. Na ce wa ya nuna masu? Wai ɗiyar mutumin ce ta kwatanta: a haye rafi, gindin ɗorawa biyu. "Muka zo muka ga gona a dama, daji a hagu, ai ba sai an tambaya ba."

Na daure na ce wane irin mutum ne Kefas ɗin?

"Baba, ka san irin mutumin da in ya ba ka ruwa sai ya haɗa maka da tarihin rijiyar?"

To rijiyar ni na haƙa ta. Mene ne laifin tarihinta?

Mai tsumma a hannu dai Ishaya ne.

Litinin, 20 ga Afrilu

Na sami Ɗan'azumi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ban cire takunkumi ba ya ce, "Kefas, ko buhu ka sa a ka na san tafiyarka. Irin ta ubanka, ƙafar hagu na jan ƙasa. Ina motar, ko an sace?"

Na ce, "Ɓarawon gumi."

"Ni na kira su? Na fito da 'yar fartanyata, ɗiyana duk Ikko ta riƙe, na iske Allah ya aiko min majiya ƙarfi shida. In tambayi Allah takarda? Suka ce baba kai ne mai gadin gonar nan? Na ce shekara hamsin ina gadinta. Ƙarya na yi?"

Ya yi dariya har da tari. Wai in ba na son yaron, shi yana da jikarsa Bushira, tunda gonarsa aka noma shi ke da suruki.

Na ce zan faɗa masu. Ya ce, "Bismillah, hanya a buɗe take. Amma ka sani, uban ɗiya in ya taka da ƙafarsa ya nuna wa yaro iyakar gona, mi ya rage? Sai sa rana."

Tsohon banza. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ya faɗa.

Laraba, 22 ga Afrilu

Na yanke shawara: shiru. Ban aike shi ba. Yaron da bai san gonar surukinsa ba, ya san hanyar riƙe gida? Abin zai fashe da kansa, ba da bakina ba, kowa ya huta.

Filasta ta ƙare a akwatin magani. Man shafawa ma ya yi ƙasa. Babban filas ɗin kunu ya ɓace daga kicin tun yaushe. Ko Margaret na ciki? Na dube ta da kyau wajen cin tuwo, fuskar nan kamar ta mai wa'azi.

Asabar, 25 ga Afrilu

Azumi ya kama. Usama da bakinsa a bushe yana jan ƙaya. Ɗan'azumi kwance a inuwar ɗorawa yana ba da umarni da sanda: nan bai fita ba, can a ƙara. Allah ya isa.

Ni dai barci nake yi yanzu kamar jariri. Rediyo na ƙirga masu cuta a Kano da Ikko, ina ji, amma ba ya tsaya min a ƙirji kamar da. Abin da nake kwana da shi: gobe me zan iske?

Talata, 28 ga Afrilu

Ruwan fari jiya da yamma. Tururuwa sun yi gaskiya. Ƙamshin ƙasa har cikin takunkumi.

Sun fara huɗa. Kunyar Ishaya ta farko kamar maciji ya bi. Kafin rana ta take, ta miƙe. Ban ce ta yi kyau ba. Na ce ta miƙe.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Na zagaya ta bayan dutse na shiga tawa gonar, don kada su gan ni. Ƙaya ta yaga min wando.

Duwatsun da ubana ya jera don tare ruwa suna nan, layi bisa layi har sama. Ko ɗaya bai gusa ba. Na gwada ɗaga guda, ko motsi. Na zauna ina lissafin yadda mutum ɗaya, gajere kuma, ya ɗauko waɗannan daga kan dutse. Sai can na tuna ba shi kaɗai ba ne. Sa'o'in golmonsa ne. Sun gama wa surukai, ba su rabu ba, yau gonar wannan gobe ta wancan, har suka tsufa. Ina tuna su a tsakar gidanmu, ƙwarya ɗaya, suna zagin juna. Su suka ɗauki gawarsa ma.

Ni wa zai... to, ina da direbobi.

Lahadi, 3 ga Mayu

Kawun Ishaya ya buga waya. Gaisuwa mai tsawo, sannan wai Lahadi mai zuwa za su zo da dattawan coci biyu, su roƙe ni in raka su in ga wani abu. Na ce Allah ya kai mu.

Joyce na waƙa a kicin. Rabon da in ji muryarta haka na manta.

Na zauna na hango abin. Dattawa a tsaye da sandunansu. Yaro ya nuna kunya a miƙe har gindin dutse. Ni in ce, madalla, amma wannan ta Ɗan'azumi ce. Kafin magariba labari ya kai tasha, kafin sati ya kai Mahuta da Danko. Garin nan ba ya manta irin wannan. Za a laƙa masa suna har jikokinsa su gada. Ba zai sake iya tsayawa gaban 'yan aji ba, balle gabana. Ita kuma da ta yi kwatancen...

Ai abin da nake so ke nan. Ko ba shi ba?

Talata, 5 ga Mayu

Ban fita ba. Kai na ciwo.

Laraba, 6 ga Mayu

Na bi hanyar bariki don canji. Kwalta, shingen 'yan sanda, ba abin kallo. Ƙafa sai ja take yi wajen rafi kamar jakin da ya san gida.

Alhamis, 7 ga Mayu

Tana auna min jini na ce, "Joyce, yaushe rabonki da gonar kakanki?"

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ina aji biyu na firamare. Ka kai ni a mota, ruwa ya cika rafi, ba mu fita ba. Ta taga ka nuna min, ka ce ga ta can."

Ga ta can. To da hannu na nuna, ba da sanda ba, yarinya ta ina za ta san hagu ko dama? Kuma sauri nake ranar, akwai lodi.

Ta ce jinin ya ɗan sake hawa. "Me kake sa wa a ranka, Baba?" Na ce gwamnati.

Juma'a, 8 ga Mayu

Ban fita da niyyar komai ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Na iske su sun kusa gamawa, saura 'yar kusurwa. Maimakon in hau dutsena sai na ga ƙafata ta miƙe cikin gonar. Na cire malafa, na sauke takunkumi. Usama ya saki garma a kan ƙafarsa, ya ce, "Innalillahi, tarihin rijiya!" Ishaya ya durƙusa cikin kunya, laka har gwiwa. "Baba, ina kwana."

Na ce, "Gonar wa kuke noma?"

"Taka ce, Baba. Mun so sai Lahadi..."

"Tawa ga ta can." Na nuna hagu.

Suka juya gaba ɗaya suka dubi dajin. Suka juyo suka dubi Ɗan'azumi, shi kuwa ya ja hula ya rufe fuska wai barci. Mai farin kambas ne ya fara, ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, sauran suka bi. Usama na cewa, "Da azumi a bakina! Sati nawa!" Ishaya bai yi dariya ba. Ya dubi hannunsa, tsumman ya zama ja da baƙi. Ya daɗe yana kallon sabarar nan. Na ce a raina yanzu zai yi kuka ko ya yi zuciya ya tafi, kowanne ya yi na sami abin faɗa.

Ya ce, "To Baba, daga ina ta fara?"

Na so in nuna da hannu. Ba ta nunuwa da hannu, duk ciyawa ce. Dole na shiga gaba. Daga ɗorawar hagu zuwa tsohon shuri, daga shuri a bi layin duwatsu har sama, a karya wajen aduwa, a gangaro da kwazazzabo. Ban yi tunani ko sau ɗaya ba, ƙafa ce ta sani. Yana bayana da adda yana sara alama, yana tambaya: wannan itacen a sare ko a bari, duwatsun nan wa ya jera, me ake shukawa a sama me ake shukawa a ƙasa. Na ba shi amsa. Ya tambaya ne.

Muna fitowa Ɗan'azumi ya farka daga barci, yana ɗaga sanda: "Kefas, ka taka! Na gani da idona, ina azumi ba ni ƙarya! Kai kuma ango, kusurwar nan fa?"

Na ce ko kunya ɗaya kada a ƙara masa. Ishaya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, saura kaɗan. Ba kyau a bar wa tsoho ita haka." Suka ƙarasa masa. A gabana. Na mayar da malafata na kama hanya.

Damina ta riga ta shigo. In aka yi da gaske, rabin ƙasa zai sami dawa bana. Sama sai baɗi.

Litinin, 11 ga Mayu

Jiya sun zo. Ni na shige gaba na kai su, da ƙafa, dattawa na haki a bayana. Na nuna masu abin da aka sare tun Juma'a. Kawun ya fara doguwar Hausa, na tare shi: ban ce komai ba tukuna, a bari mu ga dawa ta fito. Ɗaya dattijon ya ce, "Wa ya nuna iyaka?" Na ce zafi ake yi, mu koma. Zancen gonar hannun dama kuwa ba wanda ya ɗaga. Ɗan'azumi na gaya masa in na ji shi a tasha, akwai labarin akuyar liman da ni kaɗai na sani.

Mun dawo na iske Margaret ta yanka zakara biyu ba ta tambaye ni ba.

Yau hannuna ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Gatari kawai na karɓa in nuna masu yadda ake cire kututture, sai abin ya ɗan ja lokaci. Joyce ta wanke ta sa filasta, tana ta surutu, wai ashe ni ma burodi ne. Na bar ta. Yaran sun miƙo min kunu a murfin filas, baki ɗaya ake sha. Da korona da komai. Na sha.

Na kawo tsohon murfin bayan bas da fenti. Na ce wa Ishaya tunda alli ne aikinsa, ya rubuta sunan mai gona a kafa a gindin ɗorawar hagu, kada wani makaho ya sake noma wa ɓarawo. Ya ja layi ya auna, ya ce, "Baba, akwai sauran wuri a ƙasa, me za a sa?" Na ce ya bar wurin haka nan, kada ya cike shi. Ba a san gaba ba, ko wani suna zai shiga.

Amma nawa a sama. KEFAS GAJERE, manyan baƙaƙe, yadda mai tahowa daga rafi zai karanta. Gobe zan je in duba, kuma kada ya ci min harafi ko ɗaya.